Makarɓan Ofiyom a Jijiyoyin Ji: Aikinsu Kan Raɗaɗi da Ƙaiƙayi

Makarɓan ofiyom wasu ƙananan sinadarai ne da ke jikin ƙwayoyin jijiya, waɗanda magunguna irin su mofin, kodin da tiramadol ke maƙalewa a kansu kafin su yi aiki. Candace Pert da Solomon Snyder na Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka suna cikin waɗanda suka fara tabbatar da samuwarsu a 1973. A 1975 kuma aka gano a Aberdeen cewa jiki da kansa yana sarrafa sinadaran kashe raɗaɗi masu hawa kansu. Manyansu uku ne: mu, delta da kafa.

Da farko an fi mayar da hankali kan na ƙwaƙwalwa da laka. Daga baya aka fahimci cewa jijiyoyin da ke ɗauko saƙon zafi daga fata da gaɓoɓi ma suna da su, kuma suna ƙaruwa a wurin da ya kumbura. Idan magani ya hau kansu, jijiyar takan yi sanyi, saƙon da take aikawa laka ya ragu.

Batun ƙaiƙayi ne ya fi ɗaure kai. Mofin, wanda ke bi ta makarɓin mu, yana kwantar da zogi amma yakan tayar da ƙaiƙayi, musamman idan ta gadon baya aka yi allurar, kamar yadda ake yi wa masu haihuwa ta tiyata. Mai jego sai ta yi ta susar hanci da fuska alhali babu ƙurji ko ɗaya, kuma magungunan borin jini ba kasafai suke kawar da shi ba, domin tushensa na cikin jijiya.

Makarɓin kafa kuwa danne ƙaiƙayi yake yi. A kan haka Japan ta amince da maganin nalfurafin a 2009 domin masu wankin ƙoda, waɗanda ƙaiƙayi kan hana barci. Amurka ta amince da difelikefalin a 2021, wanda da ƙyar yake shiga ƙwaƙwalwa.

Nan ne hankalin masu bincike ya karkata, kuma da dalili: maye, kamu da danne numfashi mai kisa daga ƙwaƙwalwa suke tasowa. Irin wannan ɓarna ce ta sa Najeriya ta haramta sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018. Har yanzu ana neman maganin raɗaɗi mai ƙarfin mofin wanda aikinsa zai tsaya a jijiyoyin waje.