Karayar ƙashin ƙugu: Yadda ake tsayar da jinin da ke zuba a ciki

Ƙashin ƙugu shi ne ke haɗa ƙashin baya da ƙafafu. Siffarsa kamar zobe ce, kuma a cikinsa ne mafitsara da ƙarshen hanji suke, da mahaifa ga mata, tare da tarin jijiyoyin jini. Ƙashi ne mai ƙwari, don haka a jikin matashi ba ya karyewa sai da bugu mai tsanani, kamar hatsarin mota ko babur, ko faɗowa daga bene. Tsofaffi kuwa, waɗanda ƙashinsu ya yi rauni, ƴar faɗuwa a banɗaki na iya karya shi.

Abin da ke halaka mai wannan karaya a sa'o'in farko shi ne zubar jini a cikin jiki, inda ido ba ya gani. Baligi na da jini kimanin lita 5, kuma fiye da rabinsa na iya tsiyayewa cikin ƙugu ba tare da ɗigo ko ɗaya ya ɓata tufafinsa ba. A cikin kowane mutum goma, takwas zuwa tara jinin na fitowa ne daga jijiyoyin da ke mayar da jini zuciya da kuma bakin ƙashin da ya karye. Sauran kuwa daga jijiyoyin da ke fito da jini daga zuciya ne, kuma irin wannan zubar ta fi saurin kisa.

Alamomi

A yi zargin karayar idan wanda ya yi hatsari yana kukan ciwo a ƙugu ko mara ko ƙasan baya, ko ya kasa tsayawa, ko ƙafa ɗaya ta gajarce ko ta juya waje, ko aka ga jini a bakin mafitsararsa. Alamun jini na ƙarewa su ne sanyin jiki da gumi, saurin bugun zuciya da numfashi, ƙishirwa, farin ido, da ruɗewa. Awon jinin matashi na iya nuna daidai har sai ya rasa kusan kashi 30 cikin 100 na jininsa, don haka yin magana garau ba shaidar tsira ba ce.

Taimakon farko

A kira 112, ko 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa. Kada a zaunar da shi ko a tsayar da shi, kada kuma a jijjiga ƙugun don gwada ko ya karye, domin hakan na farfasa gudan jinin da ya fara toshe raunin.

Mataki mafi amfani shi ne ɗaure ƙugun. Asibitoci na da ɗamara ta musamman, amma zanin gado ko zane mai ƙwari da aka ninka ya yi faɗin kamu ɗaya yana yin aikin. Ana zura shi ta ƙarƙashin majinyaci a hankali, a ɗaure tamau daidai ƙullutun ƙashin nan biyu da ake ji a gefen saman cinyoyi. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaurewa a sama, inda mazagin wando ke zama, wanda ba ya haɗe ƙashin. Daga nan a haɗa ƙafafun a ɗaure gwiwoyi da idon sawu. Ɗaurin na hana ƙashin motsi, ya kuma rage sararin da jini ke taruwa.

A ɗauke shi a kwance kan katako ko ƙyaure, a lulluɓe shi, domin sanyin jiki na hana jini daskarewa. Kada a ba shi ruwa ko abinci, saboda yana iya buƙatar tiyata. Masu ɗorin gargajiya ba su da hanyar tsayar da jinin ciki, don haka a nufi babban asibiti mai ɗakin tiyata da ma'ajiyar jini, ko da akwai ƙarami a kusa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa kowane asibiti ƙin ba da kulawar gaggawa bisa kowane dalili.

A asibiti

Likitoci kan fara da tabbatar da numfashi, sannan ƙarin jini tun da wuri maimakon ɗura ruwa mai yawa, wanda ke tsinka jinin. Sukan bar awon jini na sama tsakanin 80 da 90 har a toshe raunin, sai dai idan akwai rauni a ƙwaƙwalwa.

Akwai kuma allurar tiranekzamik asid, mai hana gudan jini narkewa. Binciken CRASH-2, wanda mujallar Lancet ta buga a 2010, ya shafi majinyata sama da 20,000 a ƙasashe 40, har da Najeriya, kuma ya nuna tana rage mace-mace. Amfaninta na cikin sa'o'i 3 na farko ne. Bayan haka tana iya cutarwa.

Hoton ƙashi da hoton ciki kan nuna inda jinin ke fitowa. Idan bai tsaya ba, likitan tiyata kan tsaga mara ya cusa ƙyallayen tiyata su danne jijiyoyin, a cire su bayan kwana ɗaya ko biyu. Akan kuma kafa ƙarafa daga waje su riƙe ƙashin. Inda akwai kayan aiki, ana zura siririn bututu ta jijiyar matsematsi har zuwa wadda ta fashe, a toshe ta daga ciki. Ɗamarar ba a son ta wuce sa'o'i 24, domin tana iya jawo gyambo. Gyaran ƙashin na dindindin sai bayan majinyaci ya farfaɗo.

Ko a manyan asibitocin Amurka, kusan ɗaya cikin uku na waɗanda aka kai jininsu ya riga ya yi ƙasa sosai ba sa rayuwa. Saboda haka ƴan uwa su gaggauta ba da jini da zarar an nema, su kuma shaida wa likita lokacin da hatsarin ya faru, da ko majinyacin na shan maganin tsinka jini, ko tana da juna biyu idan mace ce.