Mata Masu Dubara: asusun da mata ke ranta wa junansu jari

Mata Masu Dubara, ko MMD a taƙaice, tsari ne na ajiya da rance wanda ƙungiyar CARE ta soma a jihar Maraɗi a shekarar 1991. Wata ma'aikaciyar ƙungiyar ƴar ƙasar Norwe, Moira Eknes, ita ce ta tsara shi tare da matan karkara. Daga Nijar ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka, Asiya da Latin Amurka. A ƙasashe masu amfani da Faransanci ana kiran irinsa AVEC.

Tushensa adashe ne, amma da bambanci babba. A adashe mace tana jiran ranar kwasarta ko da buƙatarta ta riga ta wuce. A MMD kuwa kuɗin suna zama cikin akwati, wadda ta ga hanyar sana'a ta ranta, ta mayar da ɗan ƙari a sama.

Mata kamar 20 zuwa 30 da suka san juna ne ke haɗuwa, galibi sau ɗaya a mako. Su ke zaɓen shugaba da ma'aji da masu ƙirga kuɗi, su ke yanke yawan zubi, su ke sa tarar wadda ta makara ko ta yi fashi. Akwatin ƙarfe ne, sau da yawa mai kwaɗo uku, kowane mabuɗi a hannun mace daban, kuma ba a buɗe shi sai gaban kowa. Rancen na ɗan lokaci ne, wata ɗaya zuwa uku, ƙarin kuma a ƙungiyoyi da yawa kashi 10 cikin 100 ne a wata. Bayan kusan shekara guda a fasa asusu, kowace ta karɓi zubinta da rabonta na riba. Ana yawan daidaita ranar da gabatowar salla ko faɗuwar damina, lokacin da ake neman iri da taki.

Abin da ya raba MMD da bankin Grameen na Muhammad Yunus a Bangladash shi ne, jarin farko ba daga waje yake zuwa ba. Babu jingina, babu takardun da mace marar karatun boko za ta rasa. Jingina ita ce idon maƙwabta: wadda ta ci bashin matan unguwarsu ba ta da inda za ta sa fuskarta ranar suna ko biki.

Da jika biyar ko goma mace kan sayi gyaɗa ta yi mai da ƙuli-ƙuli, ko ta kafa kaskon ƙosai, ko ta sari hatsi da kaka ta ajiye sai ya yi tsada. Wasu kan turke rago don kasuwar layya, wasu su sayi jar akuyar Maraɗi, wadda aka sani da yawan haihuwa. Ribar ba ta da yawa, amma tata ce. Kuɗin magani ko na littafin yaro ba sai an jira maigida ya dawo daga cin rani ba, kuma wannan kaɗai kan canza yadda ake sauraren mace a cikin gida. Ƙungiyoyi da dama sun haɗu sun kafa bankunan hatsi. Tun zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 kuma, matan da suka koyi magana a taron asusu sun fara shiga takarar kansila, abin da dokar kason mata ta shekarar 2000 ta buɗe wa ƙofa.

Sai dai tsarin yana da iyaka. Tunda kuɗin na mambobi ne, shekarar da damina ta ƙi kowa na son rance a lokaci guda, babu mai zubi. Wadda ta fi kowa talauci kuma sau da yawa ba ta iya shiga tun farko, don ko dala ashirin a mako nauyi ce gare ta. Akwai kuma rancen da ke ƙarewa a kayan ɗakin ɗiya ko a aljihun miji, a bar mace da biya. Batun ƙarin da ake ɗorawa ma ana muhawara a kansa: wasu malamai na kallonsa riba ce haramtacciya, matan kuwa kan ce kuɗinsu ne ke dawo musu ranar rabo.

Wadda sana'arta ta fi ƙarfin akwati takan nufi cibiyoyin ba da ƙananan rance masu lasisi. Nan dokar ta bambanta: akwai takardu, akwai wa'adi mai tsauri, kuma a 2014 hukumomin kuɗi na ƙasashen yankin sefa na Afirka ta Yamma sun ƙayyade cewa duk abin da irin waɗannan cibiyoyi za su ɗora kan rance kada ya wuce kashi 24 cikin 100 a shekara. Mai niyyar karɓa ya kamata ta nemi a faɗa mata jimillar abin da za ta biya, har da kuɗin buɗe takarda da na inshora, kafin ta dangwala hannu.