Ninƙayar rub-da-ciki: yadda ake sarrafa hannu a cikin ruwa

Unguwar Kilomita Biyar, cibiyar kasuwancin Bangui, tana da tazarar ƴan kilomitoci kaɗan daga kogin Ubangi, inda kwale-kwale ke jigilar mutane da kaya zuwa garin Zongo na Kwango. A ranar 19 ga Afrilun 2024, wani jirgin katako da ya ɗauki masu zuwa jana'iza ya kife a kogin Mpoko, aƙalla mutum 58 suka rasu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ruwa ya ci a duniya a 2021. Don haka iya iyo kariya ce ga duk mai hawa ruwa.

Salon da ya fi sauri shi ne na rub-da-ciki, wanda ake kira crawl da Faransanci. Shi ƴan wasa ke zaɓa a gasar nage libre. Johnny Weissmuller na Amurka ne ya fara cinye mita 100 cikin ƙasa da minti ɗaya a 1922, sannan Pan Zhanle na Sin ya yi su cikin daƙiƙa 46.40 a wasannin Olamfik na Paris a 2024.

Kwanciyar jiki

Ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, shi ya sa duk gaɓar da ta karkace take zama birki. A miƙe jiki sambal a saman ruwa, fuska na kallon ƙasa. Da zarar an ɗaga kai sai ƙugu da ƙafafu su nutse, gudu ya ragu.

Matakan hannu huɗu

Shiga: yatsu ne ke fara shiga ruwa, daidai saitin kafaɗa, sannan a miƙe hannun gaba. Kada hannu ya tsallaka tsakiyar jiki, domin hakan na sa mutum tafiyar maciji, yana kuma gajiyar da kafaɗa.

Kamu: a lanƙwasa gwiwar hannu, yatsu su kalli ƙasa, gwiwar ta tsaya sama da tafin hannu. Ta haka tafi da sangalin hannu ke haɗuwa su zama kamar filafilin kwale-kwale. Idan gwiwar ta faɗi, hannu shafar ruwa kawai yake yi.

Turi: a tura ruwa baya, ana ƙara ƙarfi sannu a hankali har hannu ya kai cinya. Mai danna ruwa ƙasa tsalle yake yi a wuri ɗaya.

Dawowa: gwiwar hannu ce ke fara fita, hannun ya biyo ta a sake, jiki na ɗan juyawa gefe. Juyawar ce ke ba tsokar baya damar taya kafaɗa aiki.

Numfashi da ƙafa

A fitar da iska a cikin ruwa ta hanci da baki, a juya kai tare da jiki a shaƙa, kunne ɗaya na cikin ruwa. Shaƙa bayan kowane bugu uku na koyar da juyawa ta ɓangarorin biyu. Bugun ƙafa daga ƙugu yake tashi, ƙanana, ba tare da lanƙwasa gwiwa sosai ba.

Atisaye

A yi iyo da dunƙulallen hannu don a ji aikin sangali. A yi da hannu ɗaya, ɗayan a miƙe gaba. A riƙa ƙirga bugu a tazara ɗaya: idan adadin ya ragu alhali lokaci bai ƙaru ba, an samu ci gaba.

A kogi

Wajen Oktoba da Nuwamba Ubangi ke cika, ruwansa ya yi ƙarfi. Wanda igiya ta ja kada ya yi kokawa da ita. Ya bi ta a karkace zuwa gaɓa, in ya gaji ya kwanta rigingine ya huta. Mai koyo ya fara a ruwan da bai wuce ƙirji ba, tare da wanda ya ƙware. A cikin kwale-kwale kuwa, gwani ma ya sa rigar ceto.