Tsara fifikon bincike kan cututtukan dabbobi: ma'auni, tarihi da halin da Borno ke ciki

Cututtukan da ke yaɗuwa tsakanin dabbobi sun fi ƙarfin kuɗi da ma'aikatan da kowace ƙasa ke iya warewa domin bincike. Saboda haka hukumomi kan zauna su jera cututtukan bisa muhimmancinsu, sannan su tantance tambayar da ya kamata masana su fara amsawa game da kowace cuta. Wannan aiki shi ake kira tsara fifikon bincike. A ɗakunan taro ake yin sa, amma sakamakonsa yana bayyana ne a gidajen da ake kiwo, irin na unguwar Ajilari da ke Maiduguri, inda akuya biyu ko ragon da ake turka wa layya ke zama asusun iyali.

Ma'aunan da ake dubawa

Akwai abubuwa biyar da masu tsara fifiko suka fi dubawa. Na farko shi ne ɓarnar da cuta ke yi: yawan dabbobin da take kashewa, da raguwar nono, nama ko haihuwa. Na biyu shi ne ko tana kama mutane. Na uku shi ne saurin yaɗuwarta da tsallake iyakokin ƙasashe, domin irin wannan cuta kan rufe ƙofar cinikin dabbobi da ƙasashen waje. Na huɗu shi ne waɗanda asarar ke faɗa wa, ko masu manyan gonaki ne ko masu ƙaramin ƙarfi. Na biyar shi ne giɓin da ya rage a ilimi: shin babu rigakafi ne, ko akwai amma ba ya jure zafi, ko kuwa hanyar gano cutar ce ke da wuya?

Ma'auni na biyar shi ne ya bambanta fifikon bincike da fifikon yaƙi da cuta. Wata cutar tana da ingantaccen rigakafi, abin da take buƙata shi ne kuɗin allura da ma'aikata. Wata kuwa ko an zuba kuɗi ba za ta kau ba sai an samo sabon makami.

Matsayin Borno

Jihar Borno ta yi iyaka da Nijar da Chadi da Kamaru, kuma tun fil azal shanu, tumaki, awaki da raƙuma ke ratsa waɗannan iyakoki neman kiwo da kasuwa. Daga Kasuwar Shanu ta Maiduguri ake lodin dabbobi zuwa kudancin Najeriya. Yankin ne mazaunin shanun Wadara na Larabawan Shuwa, da shanun Kuri masu kumburarren ƙaho na gaɓar Tafkin Chadi, da tumakin Balami. Cutar da ta ɓulla a wannan mahaɗa tana iya kaiwa Legas cikin kwanaki kaɗan a bayan babbar mota. Rikicin da aka shiga tun 2009 ya ƙara dagula lamarin: ya raba makiyaya da burtalinsu, ya tara mutane da dabbobi a Maiduguri da kewayenta, ya kuma hana ma'aikatan lafiyar dabbobi isa wurare da dama.

Darasin bushiya

Tarihin cutar bushiya shi ne babban misalin da ake kafawa. Wajajen 1890 ta share mafi yawan shanun yankin Tafkin Chadi da ƙasar Hausa, har makiyaya suka riƙa kiran annobar da suna Sannu, saboda yawan jajen da ake yi wa juna. Yaƙi da ita na daga cikin dalilan kafa ɗakin binciken dabbobi a Vom, kusa da Jos, a 1924, wanda a yau shi ne Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa. A shekarar ce kuma aka kafa Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya a birnin Faris, bayan bushiya ta ɓulla a Beljiyam a 1920.

Masanin Birtaniya Walter Plowright ya samar da rigakafin da allura ɗaya tasa ke kare saniya iya rayuwarta. A 1962 aka fara gangamin haɗin gwiwa mai suna JP15 a ƙasashe huɗu na Tafkin Chadi, wato Najeriya, Nijar, Chadi da Kamaru. Cutar ta ja da baya ƙwarai. Da gangamin ya ƙare, sai aka yi sakaci da sa ido da yi wa 'yan maruƙa allura, kuma a farkon shekarun 1980 ta dawo da ƙarfi. A 1983 ta shigo ta iyakar Borno ta bazu a arewa.

Daga nan aka sauya tambayar bincike. Rigakafin yana da kyau, amma yana lalacewa idan ya rabu da sanyi, ga shi kuma ba a san inda ƙwayar cutar ke fakewa ba. Sai masana suka mayar da hankali kan samar da nau'in da ke jure zafi, da gwajin jini mai sauƙi, da tambayar makiyaya kai tsaye abin da suke gani a garkensu. An ga cutar karo na ƙarshe a Kenya a 2001, kuma a 2011 aka ayyana duniya ta rabu da ita. Ita ce cutar dabbobi ta farko da aka kawar baki ɗaya.

Cututtukan da ke kan gaba a yau

Cutar PPR, annobar awaki da tumaki, 'yar'uwar bushiya ce. Tana zuwa da zazzaɓi, majina, gyambon baki, zawo da tari, kuma tana iya kashe mafi yawan garken da bai taɓa haɗuwa da ita ba. An fara bayyana ta a Kwaddibuwa a 1942. Rigakafin da aka fi amfani da shi a Afirka an samo shi ne daga ƙwayar da aka ware a Najeriya a 1975, kuma yana ba da kariya ta aƙalla shekara uku. A taron Abijan na 2015, ƙasashe sun amince da kawar da ita nan da 2030. Tambayoyin da suka rage sun haɗa da yadda rigakafin zai jure zafin da kan wuce digiri 40 a Maiduguri lokacin bazara, da yadda za a bambanta dabbar da aka yi wa allura da wadda ta kamu, da yadda za a cimma awakin gida da ake haifa ana sayarwa cikin ɗan lokaci.

Ciwon huhu na shanu matsalarsa daban ce. Rigakafin da ake da shi kariyarsa gajera ce, sai an maimaita duk shekara, wani lokaci kuma yana kumbura wurin allura har makiyayi ya guje shi. Saniyar da ta warke tana iya ci gaba da ɗauke da ƙwayar. A nan sabon rigakafi da gwaji mai inganci su ne buƙata. Ga kajin gida kuwa, cutar Niyukasil ce ke share akurki, musamman lokacin hunturu, kuma cibiyar Vom na sarrafa rigakafinta mai jure zafi. Abin da ya rage shi ne hanyar kai shi gida-gida.

Jerin 2017 da iyakarsa

A 2017 Hukumar Daƙile Cututtuka ta Najeriya ta tara likitocin mutane da na dabbobi da masana muhalli domin jera cututtukan da dabbobi ke sa wa mutane. Biyar da suka zo kan gaba su ne haukan kare, murar tsuntsaye, Ebola, murar aladu da ciwon saifa, wanda likitoci ke kira antaraks. Akwai hujja: a Jihar Kaduna aka fara tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a nahiyar Afirka a watan Fabrairun 2006, kuma antaraks ya ɓulla a Suleja a watan Yulin 2023.

Sai dai PPR da ciwon huhu ba sa kama mutum, don haka ba su da gurbi a wannan jeri, alhali suna daga cikin waɗanda suka fi talauta masu kiwo. Wannan ya nuna cewa ma'aunin da aka ɗauka da mutanen da aka gayyata su ke yanke abin da zai hau sama. Shi ya sa ake buƙatar jeri na biyu da zai auna asarar dukiya, a kuma saurari makiyaya da matan da ke kiwon gida, waɗanda sukan ambaci sammore, kirci, bakkale da ciwon hanta.

Cibiyoyi da giɓin bayanai

Ban da Vom, akwai cibiyar binciken sammore da ƙudan tsando a Kaduna, da cibiyar binciken kiwo ta Shika a Zariya, da tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Maiduguri mai asibitin koyarwa. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta ƙirƙiro Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo.

Duk wani jeri yana dogara ne da rahoton da ya iso hannun hukuma. Akuyar da ta mutu a bayan gida a Ajilari, ko aka yi saurin yanka ta kafin ta mutu, ba ta shiga lissafin kowa, kuma cutar da ba a ƙirga ba takan koma ƙasan jeri. Don haka sanar da ofishin lafiyar dabbobi mafi kusa idan dabbobi suka fara mutuwa a jere, da barin ma'aikata su ɗauki samfurin jini, su ne matakin farko na sa cutar cikin abin da masana za su bincika.