Ɗanfilinge: Dokin da Waƙa Ta Adana Sunansa

Mu da muka tashi a Kamazou, kudu da kogin Kaduna, ba mu gaji doki ba. Duk da haka, kaɗan ne daga cikinmu ba su taɓa jin sunan Ɗanfilinge ba, domin Rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, ya daɗe yana sanya waƙoƙin Ibrahim Narambaɗa, kuma daga cikin fitattunsu akwai "Dokin Iska Ɗanfilinge".

Dokin na Sarkin Gobir na Isa Amadu ne, ubangidan Narambaɗa, a gabashin ƙasar Sakkwato. Sunansa na nuni da Filinge, garin Kurfayawa da ke arewa maso gabashin Yamai a Jamhuriyar Nijar. Sakkwatawa kuwa Ɗanhilinge suke cewa, kamar yadda harshensu ya saba mayar da "f" zuwa "h". A zamanin En'e, sukuwa ba wasan yara ba ce: dokin da ya zo na ɗaya ya ɗaga darajar ubangidansa a idon sauran sarakuna, wanda ya zo ƙarshe kuwa ya jawo wa gidansu habaici. Ɗanfilinge ya yi ta tsere wa takwarorinsa har makaɗin fada, wanda aikinsa wasa sarki ne, ya ga dacewar ware masa waƙa sukutum. A ganinmu, babu kofin azurfar da ya kai wannan girmamawa.

Turawan Ingila wata hanya suka bi. Tun 1791 suka buɗe kundin asalin dawakin tsere, wanda a cikinsa ake bin salsalar kowane doki zuwa ga ingarmu uku da aka shigo da su daga Gabas. Shi ya sa har gobe ana iya faɗin cewa dokin nan Eclipse ya shiga tsere 18 a 1769 da 1770, ba a taɓa wuce shi ba. Dawakinmu kuwa, masu jinin Arewacin Afirka da na Dongola ta Sudan, a bakin makaɗa da barori da 'yan sukuwa tarihinsu yake. Narambaɗa ya rasu a farkon shekarun 1960. Da ba a naɗi muryarsa ba, da wataƙila sunan dokin ya bi shi.

Kaduna ma ta yi zamaninta na sukuwa. Filin da muke kira Dandalin Murtala a yau, tsallaken kogi daga gare mu, asalinsa filin tseren dawaki ne. A nan aka yi wa Sarauniya Elizabeth hawan daba a 1956, kuma Kaduna ce ta karɓi hawan daban FESTAC a 1977. Yaranmu da suka taso a Legas da Abuja, idan sun zo hutu muka ratsa da su ta wurin, filin faretin gwamnati kawai suke gani.