Ruwan Tiga Da Kwandon Tumatir

Jama'a, akwai darasi a tarihin noman Kura da Bunkure. Da aka kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, noman rani ya bunƙasa. Sai dai noma daban, kai kaya kasuwa daban. Daga Kwanar Gafan ake loda kwandunan tumatir zuwa Legas. Kafin a isa na ƙasa ya matse, wani ya ruɓe. A 2016 kamfanin Dangote ya buɗe masana'antar sarrafa tumatir a Kadawa, dab da gonaki. Amma a shekarar tsutsa ta cinye amfanin, injina suka tsaya, tumatirin gwangwanin waje ya ci gaba da cin kasuwarsa. Ashe kusanci bai wadatar ba, sai kaya na isowa kullum.