Yadda Firinta Ta Rabu da Igiya

A farkon shekarun 1970, a cibiyar binciken kamfanin Xerox da ke Palo Alto a Amurka, injiniya Gary Starkweather ya haɗa firintar leza mai fitar da shafi guda a daƙiƙa ɗaya. Ƙatuwar na'ura ce mai tsada, ba yadda za a yi kowane ma'aikaci ya samu tasa, don haka tarayya ta zama dole. Wannan buƙata na cikin dalilan da suka sa Robert Metcalfe da David Boggs suka ƙirƙiro Ethernet a 1973, domin kwamfutocin cibiyar su riƙa aika aiki ga firinta ɗaya.

To amma idan mutum goma suka turo takardu a lokaci guda, wa zai fara? Nan sabar firinta ta samo asali. Aikinta kamar na ɗan kamasho ne a tasha: ta karɓi kowa, ta jera shi a layi, ta sallame shi idan lokacinsa ya yi. A shekarun 1980 kwamfuta sukutum ake keɓe wa wannan aiki, ko dai mai tsarin LPD na Jami'ar Kalifoniya a Berkeley, ko mai NetWare na kamfanin Novell. A 1985 Apple ya fitar da LaserWriter a kan dala 6,995, kuɗin da ba a iya haɗiye shi sai don kwamfutocin ofis da yawa za su iya amfani da ita tare. A 1991 kuma HP ya kawo JetDirect, wanda ya mai da waccan kwamfuta ɗan kati da ake cusawa a bayan firinta.

Igiya dai tana nan. Sai a 1997 aka amince da ƙa'idar 802.11 ta sadarwa ba tare da igiya ba, a 1999 aka inganta ta zuwa megabit 11 a daƙiƙa, aka kuma raɗa mata suna Wi-Fi. Ba da jimawa ba kasuwa ta cika da ƙananan akwatuna masu eriya, waɗanda ake jona wa firinta ta ramin USB, su kuma su yi magana da rauta ta iska. Duk wanda ya yi aiki da su ya san wahalarsu. Firinta mai haɗe da sikana sau da yawa bugu kawai take yi, sikanar ta zama ado. Bayanin ƙarewar tawada ba ya isowa. Firintoci masu araha, waɗanda suka dogara ga kwamfuta ta sarrafa musu shafi, wasunsu ƙememe suke ƙi. Idan kuma rauta ta sauya wa akwatin adireshi, sai firinta ta ɓace wa kowa a ofis.

A ganina nan ne darasin tarihin yake. Cire igiya bai warware komai ba muddin kowace firinta na buƙatar direbanta na musamman a kan kowace kwamfuta. Waɗanda suka yi aikin gaske su ne masu neman yare ɗaya. A 1999 aka fitar da ƙa'idar IPP, a shekarar kuma Michael Sweet ya saki CUPS, manhajar saba ta kyauta da aka gina a kanta. Apple ya saka ta cikin kwamfutocinsa a 2002, ya saye ta a 2007. Daga nan aka samu AirPrint a 2010, inda waya ke gano firinta da kanta ta aika mata aiki ba direba. Masu Android suka samu makamancinsa ta ƙawancen Mopria, wanda Canon da HP da Samsung da Xerox suka kafa a 2013.

Google ya gwada wata hanyar, wato takarda ta bi intanet zuwa sabobinsa kafin ta dawo firintar da ke gefenka. Ya rufe tsarin a ƙarshen 2020, waɗanda suka dogara da shi suka koma neman mafita. Abin da ke ɗaki ɗaya da kai bai kamata ya jira intanet ba, balle a inda data ke da tsada.

Yau sabar tana cikin firinta kanta, ba a ko ganinta. Sai dai shagunan buga takardu da makarantu da yawa a Kano da Zariya da Maraɗi har yanzu tsofaffin firintocin LaserJet ne ke riƙe da su, ana ta yawo da filash daga kwamfuta zuwa kwamfuta, ana raba ƙwayoyin cuta. Ba sai an jefar da firintocin ba. Ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi, wadda ta fito a 2012, ko tsohuwar laftof mai Linux da CUPS, ta isa ta sa mafi yawansu karɓar aiki daga waya, ko babu intanet. Mai shago da shugaban makaranta su nemi matashin da ya iya wannan ya haɗa musu, kuma su tabbata an sa wa rautar kalmar sirri mai ƙarfi, domin takardun jarrabawa da na asibiti ne ke bi ta wannan iska.